Kaimak ɗin da ya ƙi kauri: yadda wani gida a lardin Afyon ya kusa rasa sana'arsa

## Gidan da abin da yake sayarwa

Gidan yana wani ƙauye a lardin Afyonkarahisar, wanda ake taƙaitawa Afyon, da ke yammacin tsakiyar Turkiyya, a filin da kogin Akarçay ke ratsawa kafin ya zuba cikin tafkin Eber. Ƙasa ce mai tudu, kimanin mita 1,000 sama da teku. Hunturunta har da ƙanƙara, zafinta kuma busasshe ne. Mutum huɗu ke aiki a gidan: mai gida da ke kiwo, matarsa wadda murhu ke hannunta, mahaifiyarsa da ta manyanta kuma ita ta koya wa surukarta sana'ar, sai ɗansu mai kai kaya cikin gari. Dukiyarsu ɓaunaye ne da ba su kai goma ba. Ba ɓaunar dawa ba ce irin wadda mafarauta suka sani. Ta gida ce, baƙa, mai son ruwa, ana tatsarta kamar saniya, Turkawa na kiranta manda.

Abin da suke sayarwa shi ne kaimak, wato maiƙon madara da ke tasowa ya daskare a sama bayan an dafa ta a hankali an bar ta ta huce. Fari ne tas, yana da kaurin da wuƙa za ta yanka, ba gishiri, ba sukari, ba tsami.

Aikin kuwa ba shi da yawan kaya, haƙuri yake ci. A tace madarar, a zuba cikin tasoshi masu faɗin baki marasa zurfi, kowace na cin lita biyu da rabi zuwa uku. A ɗora bisa wuta mai laushi har ta kusa tafasa, samanta ya kumbura. A kashe wuta, a rufe, a bar tasoshin su huce da kansu tsawon sa'o'i. Sai a sake ɗumamawa ba tare da an taɓa saman ba, sannan a kai wuri mai sanyi su kwana. Da safe a zagaye gefen da tsinke, a yanka gida huɗu, a kifa bisa faranti. A wasu garuruwan nannaɗe shi ake yi kamar tabarma, amma a Afyon an fi saninsa a shimfiɗe. Dokar abinci ta Turkiyya ta 2003 ta ce kaimak sai ya ƙunshi maiƙon madara aƙalla kashi 60 cikin 100, kuma wanda za a kira na Afyon dole ya fito daga madarar ɓauna da aka riƙe a digiri 92 na tsawon aƙalla minti 2. A 2009 aka yi wa sunan rajista a matsayin kayan da ya keɓanta da yankin.

Yadda ake cinsa yana da muhimmanci a wannan labari, domin nan ne aibinsa ke fitowa. Da safe ana ɗora shi a faranti a tsiyaya masa zuma, a riƙa dangwala da burodi mai ɗumi ana kurɓar baƙin shayi a ƙaramin kofin gilashi. Wannan shi ne bal kaymak, kuma da wuya ka ga cikakken teburin karin kumallo babu shi. Bayan cin abinci kuma ana aza yanki mai kauri a kan ekmek kadayıfı, wani burodi da aka dafa cikin ruwan sukari har ya jiƙe sharkaf, zaƙinsa ya yi kusa da na alkaki. Kaimak ɗin ne ke karya wannan zaƙi, shi ya sa mutanen Afyon ba sa ganin ɗaya ya cika ba tare da ɗayan ba. Ana kuma sa shi a kan dafaffen kabewa mai sukari da kan ɗan itacen da suke kira ayva, ana cusa shi cikin alewar lokum, ana yin wata farar alewa da shi. Tsohon abinci ne a Turkiyya: tun a 1573 akwai shagunan kaimak a unguwar Eyüp a Istanbul, har fadar daular Usmaniyya ta Turkawa ta fitar da umarnin hana mata shigarsu.

Masu sayen kayan wannan gida uku ne: wani mai shagon kayan zaƙi a cikin birni, wani otal daga cikin masu wankan ruwan ɗumi da Afyon ta yi suna da su, da maƙwabta masu zuwa da farantinsu.

## Kafin 2021

A 1980 Turkiyya na da ɓaunaye fiye da miliyan 1. Zuwa 2010 sun ragu zuwa kimanin 85,000. Tarakta ta karɓe aikin noma da jan kaya, an busar da fadamu an mai da su gonaki, manoma kuma suka koma ga shanun ƙetare masu yawan madara, domin ɓaunar Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, ba ta cika wuce lita 1,000 ba a duk tsawon shayarwarta. A 2011 gwamnati ta fara shirin inganta irin a hannun makiyaya tare da tallafi kan kowace dabba, adadin ya hau zuwa kimanin 190,000 a 2020. Wannan gida na cikin waɗanda ba su sayar da nasu ba lokacin da kowa ke sayarwa, don haka da kasuwa ta dawo sai ta same su a shirye. A 2019 hukumar UNESCO ta sa Afyonkarahisar cikin biranen da ta karrama saboda girke-girkensu, matafiya suka ƙara tsayawa, otal ɗin ya ƙara odarsa.

A lokacin dabbobin na yini a wata fadama kusa da ƙauyen, su kwanta cikin taɓo da rana. A gida ana ba su ingirici, da sha'ir, da tunkuzar irin fulawar nan da ake samun opiyom daga gare ta, wadda ake nomawa a lardin da lasisin gwamnati, ana matse irinta a fitar da man girki. Mutanen Afyon na cewa wannan tunkuza ce sirrin ɗanɗanon kaimak ɗinsu.

## Yuli 2021: farkon matsala

Shekarar ta zo da fari a yawancin Anatoliya. Fadamar ƙauyen ta ƙafe tun kafin Yuli, ciyawa ta ƙone. Babbar Sallah ta faɗo ranar 20 ga Yuli, tsakiyar zafi, lokacin da oda ke yawa.

Abu uku matar ta lura da su. Madarar da ake kawo mata ta ragu. Saman tasoshin ya daina kauri, in ta zo kifawa sai ya yage ko ya saki ruwa. Na uku, wanda ya kai kwana huɗu ko biyar a firiji da, yanzu kwana biyu ya fara tsami. Mai shagon ya dawo da kaya karo na farko tun da suka fara hulɗa. Ya ce wa yaron ya gaya wa abla, wato yaya, kamar yadda yake kiranta, cewa kaimak ɗin na narkewa ya malale gefen burodin kafin faranti ya isa tebur.

## Agusta 2021: an ɗora laifin a kan wuta

Kowa a gidan murhu ya fara kallo. Matar ta ƙara wuta, ta tsawaita dahuwa don ruwan madarar ya ragu. Saman ya ɗan ƙara ƙarfi, amma ya yi launin ƙasa-ƙasa, ƙasan tasa ya kama, ƙaurin ya shiga maiƙon. Ba mai sayen kaimak mai ƙauri.

Daga nan sai ta juya wajen tsamin. Tunaninta shi ne zafin ɗaki ke ɓata shi, don haka tana sauke tasoshin sai ta kai su firiji da zafinsu. Tsamin ya ɗan ja baya, kaurin kuwa ya tafi gaba ɗaya. Abin da ta samu wata siririyar yana ce da ba ta cika cokali. Tsohuwar ta faɗa tun ranar farko cewa madara ba ta son a firgita ta, ba wanda ya saurare ta. Ƙari a kan haka, firijin na gida ne, akwai albasa da tsiran naman nan nasu mai tafarnuwa a ciki, maiƙo kuwa ba abin da ya kai shi ɗaukar wari.

## Oktoba 2021 zuwa Fabrairu 2022: madarar saniya

Da sanyi ya shigo tsamin ya kau da kansa, gidan ya ɗauka an wuce wurin. Saura ƙarancin madara. Ɓaunayen sun yi nisa a shayarwa, wasu kuma ba su ɗauki ciki da zafi ba. Cikin ɓauna na kai wata goma da 'yan kwanaki, don haka wannan giɓi ba mai toshewa ba ne da wuri. Otal na jiran adadin da aka yi alkawari. Mai gida ya fara sayo madarar saniya daga maƙwabta ana haɗawa.

Lissafin a bayyane yake. Kilo 1 na kaimak na buƙatar giram 600 na maiƙo. Litar madarar ɓauna na ɗauke da giram 70 zuwa 80, ta saniya kimanin 35. Ko da za a kwashe maiƙon kaf, abin da ba ya yiwuwa, kilo 1 zai ci lita 8 zuwa 9 ta ɓauna, ta saniya kuwa lita 17. Tasoshi sun ƙaru, gas ya ƙaru, saman kowace tasa ya ragu.

Launi ne ya tona asirin. Maiƙon saniya na ɗauke da sinadarin karotin daga ciyawa, shi ke sa man shanu ya yi rawaya. Jikin ɓauna na juya wannan sinadari ya koma bitamin A, shi ya sa nata fari ne fat. Otal ɗin bai ce komai ba, baƙinsa na wucewa ne. Mai shagon kuwa ya gane daga kallo ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya rage oda, ya ce zai biya kuɗin na saniya tunda na saniya aka kawo masa, kuma ba zai rubuta masa sunan Afyon a gilashin shagonsa ba, domin doka ba ta yarda ba.

## Afrilu zuwa Mayu 2022: firiza

Azumi ya kama daga farkon Afrilu, Ƙaramar Sallah ranar 2 ga Mayu. Turkawa na yi mata laƙabi da sallar zaƙi, kuma kasuwar kaimak ba ta da lokacin da ya kai wannan. Shekarar ce kuma farashi ya haukace, har hauhawarsa a lissafin hukuma ta haura kashi 85 cikin 100 a Oktoba. Abincin dabbobi ya yi tsada, mai gida ya rage ingirici da tunkuza, ya ƙara jiƙaƙƙiyar dusar da masana'antar sukari ke fitarwa, tunda ita ce mai araha.

Shawarar yaron ita ce a riƙa tara kaimak tun farkon azumi a firiza, a fitar da shi gab da sallah. Aka yi hakan. Ƙanƙara na farfasa haɗin da ke tsakanin maiƙo da ruwa, don haka da ya narke sai ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya kwanta a ƙasan faranti. Otal ɗin ya karɓi na farko, ya ƙi na biyu, bayan sallah ya koma sayen na kamfani, wanda ake tace maiƙonsa da inji, ya zo a rufe cikin roba, kuma kullum kamanninsa ɗaya. Rabin kasuwar gidan ta tafi a mako guda. An gudu ba a tsira ba.

## Yuni 2022: aka koma turke

Ba don kaimak aka kira likitan dabbobi ba. Wata ɓauna ce ta ƙi cin abinci, tana haki. Da ya zo da rana tsaka ya tarar da garken a tsaye cikin fili, ba inuwa, ba taɓo. Ya ɗebi madara ya auna, maiƙon ya sauka ƙasa da abin da aka saba gani a irin waɗannan dabbobi.

Bayaninsa gajere ne. Fatar ɓauna baƙa ce, gashinta kaɗan, ƙofofin zufarta ba su kai na saniya ba ko kusa. Da ruwa da taɓo take sanyaya jikinta. In ta rasa su sai ta rage ci, madara ta ragu, neman namiji ya ɓuya har makiyayi ya kasa gane lokacin barbara. Game da abinci kuma, maiƙon madara daga busasshiyar ciyawa mai tauri yake samuwa, wadda dabba za ta daɗe tana tuƙa. Dusa mai laushi na cika ciki, ba ta sa tuƙa.

Abin da aka yi bai ci kuɗi sosai ba. Aka kafa rumfa, aka haƙa rami marar zurfi a bayan gida ana cika shi daga rijiyar burtsatse, ana sauya ruwan kada ya zama matattarar cuta. Kiwo ya koma asuba da yamma. Kafin tatsa ana watsa musu ruwa da tiyo, a wanke hantsa a goge ta bushe. Aka mayar da ingirici da tunkuza, aka rage dusar, aka sayar da dabba ɗaya da ta tsufa don a biya kuɗin. Likitan ya kuma hana sauya mai tatsa. Ɓauna na riƙe kusan duk madararta can cikin hantsa, ba ta saki sai hankalinta ya kwanta da hannun da ta sani, sau da yawa sai ɗanta na kusa. Madarar ƙarshen tatsa ita ta fi maiƙo, kuma ita ce ke maƙalewa in dabbar ba ta sake ba. A watannin baya duk wanda ya samu sarari shi ke tatsa, cikin gaggawa.

Cikin 'yan makonni saman tasoshin ya fara dawowa.

## Yuli zuwa Agusta 2022: gyaran ɗakin girki

Kauri ya dawo, tsami bai tafi ba. Wannan karon matar da surukarta suka zauna suka bi aikin tun daga bokiti.

Suka gano madarar safe na zama a rumfa har azahar kafin ta hau wuta. Aka daina barinta a rumfa. Yaron ya sayo ma'aunin zafi. Tsohuwar ba ta so ba, ta shekara da shekaru tana gane dahuwa da ido, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Da aka gwada sai ma'aunin ya gaskata ta: inda take cewa a sauke, nan ne digiri 92 zuwa 95. Amfaninsa ya fito ne a ranakun da ba ta kusa.

Babban gyaran a wajen hucewa yake. Maiƙo na buƙatar ɗumi da lokaci kafin ya taso ya haɗu da furotin da zafi ya dafa, shi ya sa kai tasa firiji da zafinta ke kashe kaimak. Amma madarar da ta daɗe da ɗumi-ɗumi gidan ƙwayoyin cuta ce, domin wasu irinsu ba sa mutuwa da tafasa. Da hunturu ɗakin da kansa ke gama aikin. Da zafi ba ya iyawa. Sai suka mai da dahuwar zuwa bayan magariba, tasoshin su yi hucewarsu ta farko cikin sanyin dare, wanda ƙasa mai tudu ba ta rasawa ko a Agusta. Bayan ɗumamawa ta biyu, da zarar tasa ta huce yadda hannu zai riƙe ta, sai firiji, a digiri 4. Aka sayi firiji na hannu aka keɓe shi don madara kaɗai.

Akwai wani ɗan ɗanɗanon ƙarfe da wasu maƙwabta suka yi ta ambata. Tasoshi biyu na tagulla ne na gado, shafen kuzar da ke cikinsu ya goge, tagulla kuwa na sa maiƙo ya yi saurin lalacewa. Aka kai su aka sake shafe.

## 2023: inda aka tsaya

Gidan ya daina haɗa madarar saniya, ya daina firiza. Suka gaya wa mai shagon gaskiya: adadin zai bi abin da dabbobi suka bayar, zai ragu in shayarwa ta yi nisa, kuma kaya zai iso masa da safiyar da aka yanka shi, cikin akwatin ƙanƙara. Ya amince, ya koma biyan kuɗin na ɓauna. A azumin 2023, da ya fara ranar 23 ga Maris, ya nemi ƙari, aka ce babu, ya cike da na wani gida.

Madarar da ke saura a ƙasan tasa, wadda da ake bai wa 'yan maruƙa ko a rabar, yanzu ana zuba mata ɗan kindirmon jiya a kwantar da ita. Ta sha dahuwa, ruwanta ya ragu, don haka kindirmonta na kamawa da kyau ko da an kwashe yawancin maiƙon. Yana kuma jure kwanaki fiye da kaimak, abin da ya ba yaron damar kai shi kasuwar mako.

Otal ɗin bai dawo ba.

## Abin da ya yi aiki da dalili

Matsala biyu ce ta zo a wata ɗaya, gidan ya ɗauke ta guda. Rashin kauri daga turke ya taso: zafi, rashin taɓo, ƙarancin ciyawa mai tauri, tatsar gaggawa. Tsami daga ɗakin girki ya taso: madarar da ta jira, da hucewar da ta yi tsawo a ɗaki mai zafi. Gwajin Agusta 2021 ya faɗi ne domin maganin ɗaya yana ƙara ɗayar. Shigowar hunturu kuma ta ɓoye tsamin wata shida, shi ya sa aka yi asarar kusan shekara kafin a nemo tushensa.

A ganina kuskuren da ya fi tsada shi ne riƙe alkawarin otal. Otal na son adadi ɗaya kowace rana, a kowane wata, kuma yana da gaskiyarsa. Garken da bai kai goma ba, mai haihuwa sau ɗaya a fiye da shekara, ba zai iya ba shi wannan ba. Madarar saniya da firiza duk ƙoƙarin cika wannan alkawari ne, kuma su suka kusa raba gidan da mai shagon, wanda shi kaɗai ke biyan bambancin da ke tsakanin fari da rawaya. Kaimak na saniya halal ne, ana cinsa ko'ina a Turkiyya, amma kamfani mai inji ya fi kowane gida iya yinsa da araha.

Ban ga laifin matar da ta fara da wuta ba, nan hannunta yake, nan kuma aibin ya bayyana. Sai dai auna maiƙon madara aiki ne na 'yan mintuna, da an yi shi a Yulin 2021 da an huta da yawancin abin da ya biyo baya.

Kuɗin da ke shigowa gidan yanzu bai kai na 2020 ba. Kindirmon ne ke biyan wutar firiji da ta famfon rijiya, kaimak na ɗaukar abincin dabbobi da cefane. Ramin bayan gida ya dogara kacokan ga rijiyar burtsatse, a yankin da tafkin Eber ke ja da baya shekara bayan shekara, kuma manoman rani na zuƙar ruwan ƙasa ɗaya da su. Mai gida ya tambayi kuɗin ƙara wa rijiyar zurfi, ya tarar sai ya sayar da ɓauna biyu kafin ya biya, ya ajiye maganar tukuna.